Yadda Ake Gwada Ƙarfin Jikin 'Yan Wasa: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ake gwada ɗan wasa alhali koci yana ganinsa a fili kullum?

Ido yana ganin abin da ɗan wasa ya yi, amma ba ya nuna dalilin da ya sa ya yi shi. Ɗan ƙwallon da ya fara ja da baya a minti na 70, wataƙila numfashi ne ya gaza masa, ko tsokar cinyarsa ce ta gaji, ko kuma bai gama wartsakewa daga wasan da ya gabata ba, kuma kowace matsala a cikin waɗannan tana da nata maganin. Gwaji ne ke bambance su, domin ƙarfin jiki ya ƙunshi juriya, da ƙarfin tsoka, da sauri, da zafin nama wajen juyawa, kuma mutum yana iya yin fice a ɗaya ya kasa a wani.

Ta yaya ake auna juriya?

Ma'aunin da masana suka fi dogaro da shi shi ne wanda suke kira VO2 max, wato mafi yawan iskar oksijin da jiki zai iya amfani da ita a minti ɗaya idan aiki ya kai maƙura. A ɗakin gwaji ana ɗora ɗan wasa a kan injin gudu ko keke, a rufe masa baki da hanci da takunkumin da ke haɗe da na'ura, sannan a riƙa ƙara masa wahala har ya ce ba zai iya ba. Saurayin da ba ya atisaye yakan samu tsakanin mililita 35 zuwa 45 a kan kowane kilo na nauyinsa a minti ɗaya, ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa sukan kai 55 zuwa 65, wasu zakarun tseren keke da na gudun kan dusar ƙanƙara kuwa sun haura 80.

Da yake na'urar tana da tsada, sai aka ɓullo da gwaje-gwajen fili. A shekarar 1968 likita Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka gwajin gudun minti 12, inda ake auna nisan da mutum ya ci a lissafa juriyarsa daga nan. Daga baya, a farkon shekarun 1980, Luc Léger na Jami'ar Montreal a Kanada ya fito da gwajin kai-komo tsakanin layi biyu masu tazarar mita 20, wanda ake bin sautin ƙararrawa. Da farko abin kamar wasa ne, 'yan wasa suna sassarfa har da hira, amma kusan kowane minti ɗaya ana ƙara saurin da rabin kilomita a awa, sai hira ta ɗauke, numfashi ya fara fita da ƙarfi, wanda ya kasa taka layi kafin ƙararrawa a yi masa gargaɗi, in ya sake a cire shi.

Wanne ne ya fi dacewa a cikinsu?

Wanda ya fi kama da wasan da mutum yake yi. Ɗan ƙwallon ƙafa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma ba a jere yake cinye su ba: yana fyallawa da gudu, ya tsaya, ya yi tafiya, ya sake fyallawa. Wannan ne ya sa Jens Bangsbo na Denmark ya tsara gwajin Yo-Yo a shekarun 1990, inda ake gudun mita 20 zuwa da dawowa, a huta sakan 10, a sake tashi. A ganina kuskure ne a yanke wa mai tsaron gida ko ɗan dambe hukunci da gudun minti 12, domin abin da gwajin yake aunawa ba shi wasansu ya fi nema ba, kuma wanda ya iya tattalin ƙarfinsa a gudu yakan doke wanda ya fi shi juriya amma ya fara da gaggawa.

To, ƙarfin tsoka da sauri fa?

Ana auna ƙarfi da nauyi mafi girma da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya, ko kuma da tsalle sama, gwajin da Dudley Sargent ya bayyana tun 1921, wanda a yau ake yi a kan farantin da ke auna yadda kowace ƙafa take tunkuɗa ƙasa. Sauri kuwa ana auna shi a mita 10 zuwa 30 da ƙofofin haske, wato na'urorin da ke ɗaukar lokaci da kansu da zarar mai gudu ya ratsa haskensu. Agogon hannu yana yaudara a nan, domin yatsan mai riƙe da shi yakan makara wajen dannawa a farkon gudu, lokacin da zai bayar sai ya fi na gaskiya kyau.

Shin nauyin jiki yana nuna wani abu?

Kaɗan ne. Lissafin nauyi da tsawo da ake yi wa jama'a a asibiti yana iya sanya ƙaƙƙarfan ɗan wasa cikin masu ƙiba, saboda bai san bambancin tsoka da kitse ba. Auna kaurin fata a wurare da dama, ko ɗaukar hoton jiki da na'urar DEXA, wadda ke bambance tsoka da kitse, ya fi bayar da gaskiya.

Wanda ya ci duk waɗannan gwaje-gwaje, za a ce lafiyarsa ƙalau ke nan?

A'a, kuma a nan ne riƙon sakainar kashi ya fi haɗari. Gwajin ƙarfi daban, binciken likita daban. Ɗan ƙwallon ƙafa Marc-Vivien Foé na Kamaru yana kan ganiyarsa ya faɗi a fili a birnin Lyon a 2003, ya rasu sakamakon ciwon kaurin tsokar zuciya, Christian Eriksen na Denmark ma zuciyarsa ta tsaya ana tsakiyar wasa a 2021, Allah ya sa likitoci suka ceto shi. Italiya ta wajabta binciken lafiya ga masu shiga gasa tun 1982, har da auna bugun zuciya da na'urar ECG. Ya kamata wannan bincike ya riga duk wani gwaji da ake kai mutum maƙura, musamman ga wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yayin motsa jiki, ko wanda wani a danginsa ya yi mutuwar fuju'a yana matashi.

Yaushe ake gwajin, kuma da wa ake kwatanta sakamakon?

Yawanci a farkon shirin kakar wasa, da ƙarshen shirin, da kuma lokaci-lokaci a tsakiyar kaka. Sharaɗin shi ne a maimaita shi a yanayi ɗaya: fili ɗaya, lokaci ɗaya na rana, irin ɗumama jiki ɗaya, kuma bayan isasshen hutu, domin zafin rana ko rashin barci kaɗai ya isa ya sauya sakamako. Kwatancin da ya fi amfani shi ne na ɗan wasa da kansa na watannin baya. Amfanin wannan ya fi fitowa bayan rauni, inda likitoci da yawa ba sa barin wanda aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa ya koma gasa sai ƙafar da ta ji ciwo ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ɗayar, ko da shi da kansa ya rantse cewa ya warke.