Gano matsalar tof silinda da ruwan inji a tsofaffin motocin akori-kura

Tof silinda shi ne ƙarfen da ke rufe saman inji. A jikinsa bawul suke, da fulogi ko nozul, da hanyoyin da ruwa da baƙin mai ke bi. Tsakaninsa da bulok, wato gangar jikin inji inda silinda suke, akwai gasket mai raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wutar da ke ci cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. A tsofaffin akori-kura irin su Peugeot 504 da Toyota Hilux, ƙonewar gasket ko tsagewar tof kan biyo bayan zafin da injin ya daɗe yana ɗauka, kuma mafi yawan lokuta lagireto ne ko fanka ko famfon ruwa ya fara gazawa. Shi ya sa gogaggen bakanike ke fara bincike daga waje kafin ya taɓa notin tof.

Yadda zafi ke lalata tof

Ruwa yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Selsiyus a daidai gaɓar teku, a tudu kamar Jos kuwa yakan tafasa a kusan digiri 96. Murfin lagireto ne ke ɗaga wannan iyaka: murfi mai riƙe matsin da ya kai 0.9 a ma'aunin matsi na "bar" yana hana ruwan tafasa sai ya kusan kai digiri 120. Idan robar murfin ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa a wuraren da suka fi zafi cikin tof, musamman kusa da bawul ɗin fitar hayaƙi, alhali allurar da ke gaban direba ba ta nuna wani abin tashin hankali ba. Tururi ba ya ɗauke zafi kamar ruwa, don haka wurin sai ya ƙara gasuwa.

A injin fetur na 504 da injin 22R na Hilux, tof na alminiyom ne, bulok kuma na baƙin ƙarfe. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka idan zafi ya wuce kima tof yakan gantsare ya daina danne gasket daidai. Injunan gas (dizal) na Hilux, wato 2L da 3L da 5L, tof ɗinsu na baƙin ƙarfe ne, kuma nasu ciwon tsagewa ce a ɗan siririn ƙarfen da ke tsakanin bawul biyu. Samfurin 2L-T mai tobo ya yi ƙaurin suna wajen haka.

Binciken waje

Ana yin sa ne bayan inji ya huce. Buɗe murfin lagireto da zafi yana jawo mummunar ƙuna. A duba tiyo da maɗaurinsa, da fanbel, da ɗan ramin da ke ƙasan famfon ruwa, domin tsatsa ko farin tabo a bakinsa alama ce robar famfon ta fara yoyo. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sukan toshe haƙoran lagireto daga waje, ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri kuma yana tara farar ƙasa a cikin bututunsa. Bayan inji ya ɗumama an kashe shi, idan aka shafa lagireto aka ji wani ɓangare da sanyi, wannan ɓangaren ya toshe.

Lokacin da zafin ke tashi ma yana nuna inda matsalar take. Motar da ke zafi a cunkoso ta huce a kan babban titi, fanka ake zargi, musamman irin mai kulochin man silikon wadda kan yi ta juyawa ba ƙarfi idan man ya tsiyaye. Wadda ke zafi da lodi a hawan tudu kuwa, lagireto ko famfon ruwa ne ba sa kai ruwa yadda ya kamata.

Sai batun tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama. Cire shi ya zama al'ada a garejoji da yawa a Najeriya da Nijar, da hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82 zuwa 88, kuma ko a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, lafiyayyen tamostat ba ya sa inji zafi. A wasu injuna ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, don haka idan babu shi wani kaso na ruwan ba zai bi ta lagireto ba. Gwada shi ba wuya: a jefa shi cikin ruwan da ke kan wuta a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Alamomin da ke nuna tof ko gasket

Babbar alama ita ce iskar silinda ta shiga ruwa. Idan aka tayar da inji da sanyin safe, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, ko aka ga kumfa na ta tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, to matsin daga silinda yake, tunda ruwan bai yi zafin da zai kumbura tiyo ba. Sauran alamomin su ne ruwa ya riƙa raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi ya ci gaba da fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, inji ya yi rawa da safe sannan ya daidaita, ko a ciro fulogi ɗaya a gan shi fes alhali sauran da baƙi.

Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara yana nuna ruwa ya shige shi, amma ba kullum gasket ne mai laifi ba. A injin 22R, idan robar da ke riƙe sarƙar tayimin (sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul) a kan hanyarta ta karye, sarƙar takan ci murfin gaban inji har ta huda hanyar ruwa. Irin wannan mota ko an sa mata sabon gasket ruwa zai ci gaba da zuba cikin mai. Ƙarar sarƙa lokacin tayar da inji ita ce ke tona wannan.

Ana tabbatarwa da gwaji uku. Akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska a ga ko allura za ta sauka. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake zuƙo iskar lagireto ta cikinsa, wanda ke komawa rawaya ko kore idan da hayaƙin inji a ciki. Sai awon matsin kowace silinda: idan biyu maƙwabta suka yi ƙasa tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Tsagewar tof a injin gas takan ɓuya wa duk waɗannan, domin wata ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi.

Bayan an sauke tof

Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof, a tsaye da kwance da karkace, a zura siraran ma'aunin tazara a ƙarƙashinsa. Iyakar gantsarewar da kamfanoni ke yarda da ita ƙarama ce ƙwarai, yawanci tsakanin milimita 0.05 da 0.15, abin da ido ba zai gani ba. A injunan 3L da 5L gasket yana zuwa da kauri daban-daban, ana zaɓa gwargwadon yadda fistin ya ɗago saman bulok.

Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna kafin ya daina, tana da nata tarkon. Silindar injinta na fetur silib ne da ake zarewa, ruwa na kewaye da shi kai tsaye, da siririn abin toshe ruwa a gindinsa. Idan aka ɗaga tof sama da ƙarfi, ko aka juya inji bayan an sauke shi ba a danne silib ba, silib zai motsa, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin mai. Don haka ake fara murɗa tof gefe ya saki gasket kafin a ɗaga shi, sannan a danne silib da noti da faffaɗan wosha har a gama aiki.

Wajen mayarwa, ana ɗaure noti daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awon ƙarfi. Daga nan a wanke lagireto, a sa sabon murfi da tamostat, a zuba ruwan sanyaya mai maganin tsatsa, a bar inji yana aiki har tamostat ya buɗe iskar da ta maƙale ta fita, sannan a ƙara ruwa.