Saurin shata ba shi ne sirrin hoton tseren babur ba

Kusan duk ɗan kallon da ya fara zuwa filin tseren babur da kyamara, shawarar da ake ba shi ɗaya ce: ya ƙure saurin shata, wato idon kyamara ya buɗe ya rufe cikin 1/2000 na daƙiƙa. A baki maganar tana da ma'ana. A filin Mugello na Italiya, baburan MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, kan haura kilomita 360 a awa kan miƙaƙƙen layi.

Sai dai hoton kan fito ba rai. Tayoyi sun ƙame, har rubutun jikinsu ana iya karantawa, babur kamar an ajiye shi a tsakiyar kwalta. Gudun da ya kawo ka filin ya ɓace, kuma wannan asara ce babba.

Masu ɗaukar hoton tsere rage saurin suke yi, zuwa 1/250 ko 1/125, sannan su bi babur ɗin da kyamara. Ka kafa ƙafafunka, ka manna gwiwar hannu da haƙarƙari, ka juya daga ƙugu. Ka danna kana cikin juyawa, kuma kada ka tsaya bayan ka danna. Mahayi zai fito fes, tayoyi na juyi, 'yan kallo da allunan talla a baya su koma zirin launuka.

Da farko yawancin hotunan za su lalace, haka abin yake. Nemi wuri kusa da kwana, inda gudu ke raguwa, mahayi ya kwanto har gwiwarsa na gogar ƙasa. Shata mai sauri kuwa, ajiye ta sai babur ya tunkaro ka gaba da gaba.