Babban Murhun Gashi Mai Aiki da Gas ɗin Bututu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ga babban murhun gashi mai bakin wuta biyar ko shida yana ƙyalli, tambayoyin da yake zuwa da su kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu a kan girma ne da lambobin da aka buga a jikin kwali. Na tattara su a nan domin in amsa su gaba ɗaya. Murhun da ake magana a kansa shi ne wanda ake girkewa a tsakar gida a jona shi da bututun gas na gidan.

Tambaya: Ashe gas ba duka ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne. Gas ɗin bututu akasarinsa metan ne, bai kai iska nauyi ba, kuma kowace ƙafa kubik tana ba da zafin BTU (wato ma'aunin yawan zafi) kusan 1,000. Na tukunya furofen ne ko butan ko haɗinsu, ya fi iska nauyi, kuma furofen yana ba da kusan 2,500. Wannan ya sa hujin da gas ke fita ta cikinsa a murhun bututu ya fi faɗi. An rubuta nau'in gas ɗin a farantin da ke manne a jikin murhun, sai ka karanta shi kafin ka biya kuɗi.

Tambaya: Zan iya jona masa tukunyar gas idan buƙata ta taso?

Amsa: A'a. Idan furofen ya bi ta faffaɗan huji, wutar za ta tashi fiye da yadda za ka iya sarrafa ta. Wasu kamfanoni suna sayar da kayan sauya murhu daga wannan gas zuwa wancan, wasu kuma sun hana sauyin kwata-kwata. Masu ɗaukar abin huda ƙarfe su faɗaɗa hujin da kansu suna wasa da rayukan iyalinsu ne, kuma ina roƙon ka kada ka shiga cikinsu.

Tambaya: Na ga wani mai BTU 90,000. Shi ne ya fi zafi ke nan?

Amsa: Ba lallai ba ne, kuma wannan ce tambayar da ta fi damuna. Lambar BTU tana nuna yawan gas ɗin da murhu ke ƙonawa a cikin awa guda, ba ta nuna zafin da ke isa ga nama. Masu talla kuma sukan tara na bakunan wutar ciki da na gefe da na baya su buga jimilla ɗaya. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki lambar manyan bakunan wuta kaɗai ka raba ta da faɗin babbar raga, ban da ƙaramar ragar sama ta ɗumama abinci. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne BTU 80 zuwa 100 ga kowane murabba'in inci, wato raga mai murabba'in inci 600 tana neman 48,000 zuwa 60,000. Murhu mai murfi mai kauri da raga mai nauyi yana iya yin aiki mai kyau da ƙasa da haka, shi kuwa mai siririn gwangwani yana cin gas ne iska tana kwashe zafin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tambaya: Bakin wuta nawa ya isa?

Amsa: Uku sun isa gida, huɗu sun wadatar. Amfanin yawansu shi ne ka kunna gefe guda ka bar ɗaya gefen a kashe, domin babban yanka ko kaza sukutum ta dahu a hankali a ƙarƙashin murfi. Idan ba ka saba ciyar da taro ba, na biyar da na shida za su zauna ne kawai suna jiran wanki.

Tambaya: Zan iya ajiye shi a cikin gareji ko a ƙarƙashin rumfa saboda ruwan sama?

Amsa: Ba a kunna shi a cikin gareji, ko da an wangale ƙofa. Iskar kabon monoksaid da wutar ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Batun rumfa da tazarar da za a bari tsakaninsa da bango yana cikin littafin da ya zo da murhun, kuma wannan littafin ba don ado aka saka shi a kwali ba.

Tambaya: Mai sayarwa ya ce ƙarfen ba ya tsatsa. In yarda?

Amsa: Ka tambaye shi lambar ƙarfen. Mai lamba 304 yana ɗauke da kuromiyom kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8, kuma shi ne ya fi jure ruwa da zafi a cikin waɗanda aka saba gani. Mai lamba 430 kusan ba shi da nikel, ya fi saurin yin tabo. Mayen ƙarfe yana kama 430, ba ya kama 304 sosai, don haka ka tafi da ɗan ƙarami a aljihu. Sai dai gwajin yana da iyaka, domin mai lamba 201 shi ma ba ya kama mayen ƙarfe alhali bai kai 304 ba. Wanda ke zaune kusa da teku ya nemi 316. Ka daina kallon murfi, domin murfi ba shi ne ke fara mutuwa ba. Ka ɗaga raga, ka cire farantan da ke rufe bakunan wuta, ka riƙe ɗaya a hannu ka ji nauyinsa, ka danna shi da babban yatsa ka ga ko yana lanƙwasa. Waɗannan farantan da bututun wutar da ke ƙarƙashinsu su ne ke shan gishiri da maiƙo da wuta kullum. Kwandon wuta, wato ƙasan jikin murhun da bakunan wuta ke zaune a ciki, idan na zubin alminiyom ne ba ya tsatsa, kuma ni na fi natsuwa da shi a kan siririn ƙarfe mai fenti.

Tambaya: Bututun gas na gidana zai iya ɗaukar babban murhu?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, ita ce kuma ake barin ta sai kaya sun iso gida. Amsarta ta dogara ne da abubuwa da yawa, kuma babu wanda zai ce maka e ko a'a daga nesa ya faɗi gaskiya.

Murhu mai BTU 60,000, wato kilowat 17 da ɗoriya, yana jan gas kimanin ƙafa kubik 60 a awa idan an buɗe shi duka. Gas ɗin gida kuwa da ƙaramin matsi yake tafiya. Murahun da aka ƙera don Amurka ta Arewa galibi suna neman matsin inci 7 na ruwa, wato wajen miliba 17, a ƙasashen Turai da yawa kuma miliba 20 ake bayarwa. Matsi kaɗan irin wannan yana raguwa da tsawon bututu da yawan gwiwoyinsa, kamar yadda famfon da ke ƙarshen layi ke zuba da ƙyar idan an buɗe na gaba da shi. A jadawalin dokar gas ta Amurka mai suna NFPA 54, bututun ƙarfe mai rabin inci yana ɗaukar kimanin ƙafa kubik 170 a awa idan tsawonsa ƙafa 10 ne, ya sauko zuwa kimanin 70 a ƙafa 50, ya koma kimanin 50 a ƙafa 100. Mai kashi uku cikin huɗu na inci yana ɗaukar kimanin 100 a ƙafa 100. Ka ga ke nan rabin inci yana iya isar wannan murhun a gida guda ya kasa a gidan maƙwabci.

Amma ko wannan lissafin bai kammala ba. Ba daga inda za a yanka bututu a fitar da reshe ake awon tsawo ba, daga mitar gas ake farawa, kuma sashen bututun da murhun zai yi tarayya da sauran kayan gida dole ne ya ɗauki nauyinsu duka a lokaci ɗaya: murhun girki, na'urar dafa ruwa, na'urar ɗumama ɗaki idan akwai. Ita ma mitar tana da iyakarta, an rubuta a fuskarta. Wasu gidaje kuma an shigar musu da gas mai matsi mafi girma, wanda ke buƙatar regulato, wato na'urar rage matsin gas, kafin ya isa murhu, kuma a irin wannan gidan jadawalin da na ambata ba ya aiki. Idan bututun zai bi ta ƙarƙashin ƙasa, nau'in bututun da zurfin ramin suna da dokarsu, dokar kuma ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Sannan ga tiyon da ke haɗa murhu da bango, wanda yawanci tsawonsa ƙafa 10 ne. Idan siriri ne, ko an ƙara masa wani don a kai murhun can ƙarshen fili, zai shaƙe gas ɗin komai kyawun bututun da ke bayansa.

Alamar ƙarancin gas ba ta ɓuya. Ka kunna baki ɗaya wutar ta miƙe shuɗiya, ka kunna na biyu da na uku ka ga ta farkon tana durƙusawa, kafin ka kai na ƙarshe duk sun zama gajeru. Mutane da yawa suna ganin haka su ce murhun ne ba shi da kyau. Yana iya zama toshewar huji ko matsalar regulato, ban kore wannan ba, amma a sabon murhu bututu nake fara zargi. Shawarata ita ce ka rubuta jimillar BTU na murhun, wannan karon har da bakin gefe da na baya, ka kai wa ƙwararren mai haɗa bututun gas wanda ke da lasisi, ya zo ya auna matsi alhali sauran kayan gidan suna kunne, ya faɗa maka abin da aikin zai ci tun ba ka sayi komai ba. Wani lokaci za ka tarar ƙaramin murhu ne ya dace da gidan, kuma wannan ba faɗuwa ba ce.

Tambaya: Naman gas yana kai na gawayi daɗi?

Amsa: Ba ya da ƙamshin hayaƙin gawayi. Yana da ƙamshin maiƙon da ke ɗiga a kan faranti mai zafi ya tashi ya koma jikin nama. Wanda hayaƙi ne burinsa ya sayi na gawayi.

Tambaya: Ta yaya zan san ko zafin yana bazuwa daidai?

Amsa: Da yankakken burodi. Ka kunna dukkan bakunan a matsakaiciyar wuta, ka rufe murfi minti goma, sannan ka shimfiɗa burodi ya rufe ragar daga kusurwa zuwa kusurwa. Bayan minti ɗaya ko biyu ka kashe wuta ka juya kowane yanki a inda yake. Za ka ga wasu sun yi ja, na baya galibi sun fi duhu, na bakin gaba wataƙila fari fat. Kada hankalinka ya tashi, domin kowane murhu yana da wurin da ya fi zafi, kuma sanin wurin yana taimaka wa mai gashi. Abin ƙi shi ne ka ga baƙi ƙirin kusa da fari a tsakiyar raga, ko layi-layi na ƙuna daidai kan kowane bakin wuta. Wannan yana nuna farantan ba sa raba zafi, kuma a faffaɗar raga aibin ya fi fitowa.

Tambaya: Ma'aunin zafin da ke jikin murfi ya isa?

Amsa: Bai isa ba. Iskar da ke saman murfi yake aunawa. Ka sayi ma'aunin da ake sokawa a cikin nama, kuma kaza ba ta sauka sai cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyas.

Tambaya: Wutar ta koma rawaya, wani lokaci har tana fitowa ta wajen makunni. Murhun ya lalace ne?

Amsa: Da wuya. Ka kashe shi nan take, amma ka kwantar da hankalinka. Sau da yawa gizo-gizo ne ya yi saƙa a cikin bututun da ke haɗa gas da iska, musamman idan murhun ya daɗe a rufe. Bayan ya huce a cire bakin wutar a zura siririn buroshi a share. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, da ɗan rawaya a kanta. Wannan ma dalili ne da zai sa tun a wurin saye ka duba ko bakunan wutar suna fita cikin sauƙi, ko tiren maiƙo yana zarowa ba tare da ka kwanta a ƙasa ba, ko kuma ana samun kayan gyaransa. Ka karanta garanti sashe-sashe, domin shekarun da aka ba kwandon wuta sau da yawa ba su ne aka ba makunni da faranti ba.

Tambaya: Ina jin ɗan warin gas amma kaɗan ne. In bari?

Amsa: Kada ka bari. Da gangan aka zuba wa gas sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya kama shi. Ka rufe bawul, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ka buɗe ka duba inda kumfa ke kumbura. Ba a neman yoyo da ashana. Haka nan ba a kunna murhu murfi na rufe, kuma idan bai kama ba cikin daƙiƙa biyar a kashe a jira minti biyar.

Tambaya: Tunda gas ɗin ba ya ƙarewa, ai babu sauran damuwa?

Amsa: Rashin ƙarewar nan shi ne abin da nake so ka ji tsoro. Tukunya idan an manta da ita takan ƙare wutar ta mutu, bututu kuwa zai ci gaba da ba da gas har gari ya waye, maiƙon da ya taru a tire yana ta zafi. Ka sa a ɗaura bawul a bango inda hannu ke kaiwa ba tare da an ratsa ta kan murhun ba, ka riƙa rufe shi duk lokacin da ka gama, ka kuma nuna wa kowane babba a gidan inda yake. Akwai bawul mai agogo da ke yanke gas da kansa bayan lokacin da aka saita masa, kuma ya cancanci a saka shi cikin lissafi tun ranar da mai haɗa bututu ya zo awo.