Waiwaye: Jita-jita ta koma murya, kuɗin bincike bai bi ta ba

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, gardamar nan ta sake tasowa tsakanin malamai da ɗalibai a Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya: ya dace jami'a ta kashe kuɗin bincike a kan labaran ƙarya na intanet? Wasu na cewa noma da lafiya sun fi buƙata. Wasu na tsoron kada binciken ya zama hanyar toshe bakin talaka. Duka ɓangarorin na magana kamar jiya abin ya faro.

A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe raɗe-raɗin cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus. Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya busar da kuɗin bincike, sai harajin ilimi na 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, wanda asusunsa ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011. Asusun binciken da ke ƙarƙashinsa yana da ɓangaren nazarin al'umma. Ƙin rigakafin shan inna a 2003 da wankan ruwan gishiri lokacin Ebola a 2014 kuwa, waɗanda jita-jita ta haddasa, kowa ya san su.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru a watan Agustan 2013, lokacin da WhatsApp ya saka maɓallin da za ka danna ka yi magana ka saki. A wasu ƙasashen ƙarin sauƙi ne kawai. A ƙasar Hausa kuwa ƙofa ce ta buɗe wa miliyoyin da ba su karanta boko. Kafin nan sai mai iya rubutu ke baza zance a intanet. Da wayoyi suka yi araha, tsohuwa a Tudun Wada da mai shayi a Sabon Gari duk suka shigo, suna saurare suna turawa. Murya kuma tana da abin da rubutu ba shi da shi. Mutum zai yi sallama, ya ce shi likita ne ko ganau, ya yi rantsuwa, ya rufe da "don Allah a tura wa 'yan'uwa". Al'ummar da ta girma da rediyo da kaset ɗin wa'azi ba ta saba ƙaryata murya mai natsuwa ba. A 2016 aka kulle saƙonnin ta yadda na waje ba ya ganin abin da ke yawo a guruf.

A nan ne binciken ya yi tsada. Manhajar da ke tace dubban rubuce-rubucen Ingilishi cikin minti ɗaya ba ta shiga guruf ɗin dangi, da wuya kuma ta gane habaici ko zambo. Sai an sami mutane: mai neman izinin shiga, mai saurare ya rubuta, mai bambance Zazzaganci da Sakkwatanci, mai zama a majalisa ya ji yadda saƙon ya fito daga waya ya koma baki. Aiki ne na albashi wata bayan wata, ba na'urar da za a saya sau ɗaya a nuna wa baƙi ba, kuma irin wannan kashe kuɗi ya fi wuyar karewa a gaban kowane kwamiti.

Tallafin da ke zuwa daga waje yana da amfaninsa. A 2018 WhatsApp ya ba ƙungiyoyin bincike 20 dala 50,000 kowacce, kuma daga ciki aka yi nazarin zaɓen 2019 a Kano da Oyo, aikin Jami'ar Birmingham da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ci gaba ta CDD. Amma yawancin irin wannan kuɗi na kaka ne, yana zuwa gab da zaɓe ya ƙare da an rantsar da gwamnati. Sojojin baka kuwa ba su tafiya hutu. A shekarun da ke tsakanin zaɓe da zaɓe ne ake kafa guruf-guruf, ana tura addu'o'in Juma'a da sanarwar rasuwa har a saba da muryar mai turawa, kuma a daidai wannan lokacin ne ɗalibin digiri na uku ke sayen data daga aljihunsa.