Ma'anar Kalmar "Mento" ga Masu Neman Sana'ar Nazarin Bayanai

Kalmar mento ta yawaita a bakin matasan Birnin Kebbi da Aliero da Argungu, musamman tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023 da nufin horar da 'yan Najeriya miliyan uku kan fasahar zamani, ciki har da nazarin bayanai. Yanzu da wuya ka zauna da ɗalibin da ya fara koyon manhajojin lissafi da nazarin bayanai irin su Excel ko Power BI bai ce maka yana neman mento ba. Amma in ka bincika abin da yake nufi, sau da yawa sai ka tarar mai samo masa aiki yake nema, alhali kalmar ba nan ta dosa ba.

Asalinta sunan wani dattijo ne a wani tsohon labarin Girkawa, wanda amininsa sarki ya bar wa amanar gidansa da ɗansa sa'ad da ya fita yaƙi. Daga nan aka ari sunan ana kiran duk gogaggen da ya riƙe hannun sabon shiga a fagensa. A Hausa, jagora ce ta fi kusa da ita. Ubangida bai dace ba, domin ubangida yana ciyarwa, yana aike, yana kuma sa ran biyayya, mento kuwa ba ya bin kowa bashin hidima. Ya kuma bambanta da malamin aji, wanda ke bin manhaja yana ba kowa darasi ɗaya. Shi mento aikin da ka yi da hannunka yake dubawa, ya nuna maka inda tunaninka ya karkace.

Ya kamata a warware wani ruɗani tun da wuri, domin a wajen yawancin mutanenmu "data" ita ce wadda ake saye a waya don shiga intanet. Wadda ake nufi a wannan sana'a ita ce tarin alƙaluma da bayanan da ake tattarawa, kamar yawan yaran da aka yi wa rigakafi a asibitin ƙauye ko yawan buhunan da manomi ya samu a noman rani, sannan a tsaftace su, a auna su, a fitar da amsar da mai yanke shawara zai yi aiki da ita.

A wajen tsaftacewar nan ne amfanin jagora ya fi bayyana, kuma misali daga noman shinkafa zai nuna haka. A ce an ba wata matashiya jadawalin manoman fadamar Argungu, aka ce ta fitar da matsakaicin abin da kowace hekta ke bayarwa. Bidiyon YouTube zai koya mata yadda ake lissafin cikin minti biyu, kuma kwamfuta za ta ba ta lamba ba tare da gardama ba. Abin da bidiyon ba zai gaya mata ba shi ne cewa wani mai tattara bayanan ya rubuta buhu, wani ya rubuta kilo. Cewa buhun shanshera da buhun gyararriyar shinkafa ba ɗaya ba ne. Cewa wani manomin da eka ya faɗi girman gonarsa. Cewa Muhammadu da Mamman da ke layi biyu mai yiwuwa mutum ɗaya ne da aka ƙirga sau biyu. Jagoran da ya taɓa shan wahalar irin wannan jadawali zai duba aikinta ya tambaye ta, "Malama, wannan lambar da kika fitar, ta buhu ce ko ta kilo, kuma wa zai yi aiki da ita?" A ganina wannan tambaya ta fi mata darasin mako guda amfani, domin za ta bi ta zuwa kowane aiki da za ta taɓa nan gaba.

Jagora nagari yana kuma tsara wa mutum abin da zai fara da shi. Matasa da yawa suna rugawa zuwa Python, wato wani harshen rubuta wa kwamfuta umarni, saboda sunanta ya fi tashe, alhali aikin da ke kusa da su a ma'aikatar lafiya ko ƙungiyar agaji ya fi buƙatar ƙwarewa a Excel da SQL, wato harshen zaƙulo bayanai daga rumbun ajiyarsu na kwamfuta, da sanin manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da DHIS2. Shi ne kuma zai fara ja wa ɗalibi kunne kan amana, domin jadawalin da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya da lambobin wayarsu ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Shi ma mai neman jagora akwai abin da ke kansa. Saƙon da ke cewa "Ranka ya daɗe, ina so ka zama mentona" ba kasafai yake samun amsa ba, saboda bai nuna wa wanda aka aika wa inda zai kama ba. Wanda ya zo da ɗan aikin da ya gwada, ya ce ga inda ya maƙale, ya fi samun kunnen mai ilimi, ko da kuwa jagoran yana Kano ko Legas kuma ganawar ta waya ce sau ɗaya a wata. Idan an yi masa gyara, sai ya koma ya gyara, ya dawo da sabon aikin kafin ya nemi wata ganawar.