Ɗaukaka ƙara kan laifin ɓoye shaida da mallakar miyagun ƙwayoyi a jihar Teksas

A jihar Teksas ta Amurka, tuhumar mallakar miyagun ƙwayoyi ta kan zo haɗe da tuhumar lalata ko ɓoye shaida. Abin kan faru ne a bakin titi: 'yan sanda su tare mutum, shi kuma ya haɗiye ƙullin ko ya jefar da shi. Sau da yawa tuhuma ta biyun ta fi ta farkon nauyi, kuma ita ce ta fi raunin ƙafa idan aka je kotun sama.

Sashe na 37.09 na kundin laifukan jihar ya haramta sauya abu, ko lalata shi, ko ɓoye shi don kada ya zama shaida, matuƙar mutum ya san ana bincike ko an aikata laifi. Hukuncinsa ɗaurin shekara 2 zuwa 10, da tarar da ba ta wuce dala 10,000 ba. Mallakar hodar iblis ƙasa da giram 1 kuwa kwana 180 ne zuwa shekara 2. Tabar wiwi da ba ta wuce oza 2 ba, wato kusan giram 57, iyakarta kwana 180. Ke nan wanda ya haɗiye ɗan ƙullin wiwi ya jawo wa kansa tuhumar da ta ninka ta asali nesa ba kusa ba.

Wa'adi da matakai

Ana shigar da takardar sanarwar ɗaukaka ƙara a kotun da ta yi shari'ar cikin kwana 30 daga ranar yanke hukunci, ko kwana 90 idan an nemi a sake shari'a a kan lokaci. Wanda ya makara, kuma bai nemi ƙarin lokaci cikin kwana 15 bayan cikar wa'adin ba, kotun sama ba ta da hurumin sauraronsa. Daga nan a haɗa kundin shari'a: takardun kotu da rubutaccen duk abin da aka faɗa a zaure. Lauya na da kwana 30 bayan shigar kundin ya miƙa hujjojinsa, alƙalai uku su duba. Ba a kiran sababbin shaidu. Abin da babu shi a kundi, a wajensu bai faru ba. Wanda bai gamsu ba yana iya roƙon babbar kotun laifuka ta jihar da ke Ostin, mai alƙalai tara, amma ita ke zaɓar ƙarar da za ta saurara.

Wanda ya amsa laifi bisa yarjejeniya da masu gabatar da ƙara ya ƙuntata wa kansa hanya. Ba zai ɗaukaka ƙara ba sai kan abin da ya nema a rubuce aka yanke kafin shari'a, ko da izinin alƙali.

Kalmar da ke cikin takardar tuhuma

A nan ne gizo ke saƙa. Ma'aunin gane ko shaida ta isa shi ne wanda Kotun Ƙolin Amurka ta kafa a 1979: idan an kalli shaidun ta fuskar da ta fi dacewa da hukuncin, shin mai hankali zai iya gamsuwa ba tare da kokwanto ba? Ma'auni ne mai wuyar tsallakewa, amma dole masu gabatar da ƙara su tabbatar da ainihin aikin da suka rubuta. A 2014 babbar kotun laifuka ta jihar ta duba ƙarar wani da ya haɗiye leda mai ƙwayoyi, an tuhume shi da lalatawa kaɗai. Kotun ta ce ba a nuna abin ya lalace a cikinsa ba. A 2020 kuma wani ya jefa kwalbar magani ta kan shinge bayan haɗarin mota, mutanen wurin suna kallo, suka nuna wa ɗan sanda inda take a fili. Kotun ta ce wannan ba ɓoyewa ba ne, yunƙuri ne kawai. Wanda ya take bututun shan ƙwaya da ƙafa ya farfasa shi a gaban ɗan sanda kuwa, an tabbatar masa da hukuncinsa a 2008.

Nasarar ba cikakkiya ba ce kullum. Kotu na iya mayar da hukuncin zuwa yunƙurin ɓoye shaida, wanda ke mataki ɗaya ƙasa, a koma a sake yanke ɗauri.

Ɓangaren mallaka

Samun mutum kusa da ƙwaya bai isa ba. Idan mota ko ɗaki na mutane da yawa ne, sai an nuna abin da ya haɗa shi da ita: tana a fili ko inda hannunsa ke kaiwa, ya yi yunƙurin gudu, ya furta maganar da ta kama shi. Nauyi ma abin lura ne, domin ana auna ƙwayar har da abin da aka gauraya ta da shi, kuma daga giram 1 zuwa ƙasa da 4 na hodar iblis ɗaurin ya koma shekara 2 zuwa 10. Ƙorafi kan hannayen da ƙullin ya bi kafin ya isa ɗakin gwaji ba ya cika yin tasiri, sai an nuna alamar an taɓa shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce binciken da ya saɓa doka, wanda sashe na 38.23 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ya hana amfani da abin da aka samo ta hanyarsa. Sai dai dole lauya ya yi ƙorafin a kotun farko, alƙali ya yanke. Idan ya yi shiru, ko ya ce ba shi da ja lokacin da aka gabatar da ƙwayar, yawanci hujjar ta tafi ke nan. Ƙarancin shaida ne ba ya buƙatar wannan sharaɗi.

Sakamakon ya danganta da dalilin. Idan an soke hukunci saboda ƙarancin shaida, kuma babu ƙaramin laifin da za a mayar da shi, an wanke mutum, ba a sake gurfanar da shi. Idan saboda kuskuren alƙali ne da ya yi tasiri, shari'a ce za a sake. Zargin sakacin lauya kuwa ya fi dacewa da ƙara ta daban ƙarƙashin sashe na 11.07 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka, inda ake iya kawo shaidar da ba ta cikin kundi.