Toshewar Kunne a Wajen Tsofaffi

Toshewar kunne ita ce mutum ya ji kunnensa ya cika ko ya yi nauyi, kamar an cusa masa auduga, magana tana zo masa daga nesa. Alama ce da cututtuka da dama ke haifarwa, kuma ta fi yawa bayan shekara 60.

Abin da ya fi jawo ta shi ne dattin kunne. Idan shekaru suka ja, dattin yakan bushe ya yi tauri, gashin ramin kunne kuma ya yi kauri, musamman ga maza, sai dattin ya kasa fita da kansa. A Katsina da Daura an saba ganin dattijo a zaure yana sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana. Wannan tura dattin yake yi ciki, har ya manne kusa da dodon kunne. Da ruwan wanka ya shiga sai ya kumbura, shi ya sa wasu ke cewa kunnen ya toshe musu da safe bayan wanka. Ana tausasa shi da maganin ɗigawa, a wanke ko a zuƙe a asibiti.

Na biyu shi ne siririn bututun da ya haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci, mai tsawon kimanin santimita 3 da rabi, wanda ke daidaita iska. Mura da ƙurar hunturu kan kumbura shi, kunne ya riƙa ƙara idan an haɗiyi yawu ko an yi hamma. Yawanci yakan saki idan murar ta tafi. Amma ruwa da ya taru a kunne ɗaya ya ƙi bushewa a wajen babba, likita kan duba bayan hanci ko wani ƙari ya tsiro a wurin.

Raunin ji na tsufa ma kan zo a haka, a kunnuwa biyu, sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takurawa. Ciwon muƙamuƙi, wanda zubewar haƙora ke ƙarawa, da magunguna irin su kwinin da allurar jentamaisin su ma suna cikin dalilan toshewar kunne. Idan toshewar ta haɗu da jiri mai juya ɗaki da shuwa a kunne, ana zargin cutar Meniya, wadda likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861.

Mafi haɗari ita ce wadda ta fi kama da datti: ji ya ɗauke a kunne ɗaya cikin sa'o'i 72 ko ƙasa da haka, ba ciwo, ba ruwa. Matsalar a can cikin kunne take, maganinta kuma ya fi aiki a makonni biyun farko, lokacin da mutane da yawa ke ɓatawa wajen ɗiga man zaitun. Haka mai ciwon suga da kunnensa ke zogi da dare yana fitar da ruwa, ƙwayar cutar kan iya kaiwa ga ƙashi. Irin waɗannan ana kai su sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.